Yau Oga ya ɗauki kaya

Shekara shida ina lodin kaya a filin jirgin Akara, sai yau na ga babban manajanmu sanye da rigar nan mai ƙyalli irin tamu. Wai an ce manya su sauko su ɗanɗana aikin ƙasa na wuni ɗaya.

Ni aka haɗa shi da ni. Tun asuba na baro unguwar Nima a tirotiro, motar haya, shi kuwa sai ƙarfe bakwai direba ya sauke shi. To, ba komai.

Jakar farko ta wata Hajiya ce, Ghana-mas-go cike da gari da busasshen kifi, ta kai kilo 32 cif, iyakar nauyin da aka yarda jaka ɗaya ta kai. Ya sunkuya zai sure ta da ƙugu, na ce, "Ranka ya daɗe, durƙusa, da gwiwa ake ɗagawa." Da muka shiga cikin cikin jirgi, inda ba a iya miƙewa tsaye, ga zafi kamar gidan burodi, sai ya yi tsit. Can ya ce, "Malam, kullum haka kuke yi?" Na ce wannan jirgi na biyu ne kawai.

Safar hannun da muka yi wata uku muna roƙo, shi da kansa ya rubuta a takarda, tafinsa duk ya yi kanta.

Da azahar na saya masa waake, wato shinkafa da wake, a bakin ƙofa. Ya cinye tas, har da neman ƙarin shito, miyar yajin da ake zuba mata.