Yis ɗin da aka koya wa yin dizal, ya ƙare a man shafawa

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda ya san na karanci ilimin ƙananan halittu sai ya turo mini bidiyo: ga wasu Turawa sun sa ƙwayoyin da ido ba ya gani suna fitar da man mota, mu me muke jira? Maganar gaskiya ce, an yi, kuma motoci sun yi tafiya da man. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne yadda kamfanin da ya fi kowa nisa a wannan harka ya ƙare.

Sunansa Amyris. An kafa shi a Kalifoniya ta Amurka a 2003, daga ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Jay Keasling na jami'ar Berkeley. Farkon aikinsu ma ya shafe mu, domin maganin zazzaɓin cizon sauro suka nufa. Sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan da ake ba mu a asibiti, daga wani ganye dangin tazargade ake tatsarsa, kuma farashinsa na hawa da sauka gwargwadon yadda noman ganyen ya yi. Sai suka ɗauko ƙwayoyin gado daga ganyen suka dasa a cikin yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Yis ya ci sukari, ya fitar da abin da ake juyawa ya zama maganin. Gidauniyar Gates ta zuba dala miliyan 42.6 a 2004, kamfanin Sanofi kuma ya fara sarrafa maganin a 2013.

Daga nan ido ya buɗe. Hanyar da yis ke bi ya ƙera wancan sinadari, in an ɗan karkata ta, sai ya fitar da wani mai da ake kira farnesin. A ƙara masa iskar haidurojin, ya zama dizal tsaf. Wannan ya bambanta da etanol da Birazil ke zuba wa motoci tun shirinta na 1975, domin etanol yana jan ruwa, ƙarfinsa kuma bai kai na fetur ba. Shi kuwa farnesin yana tasowa saman tankin rainon yis da kansa, a kwashe. Amyris ta gina masana'anta a garin Brotas na Birazil kusa da gonakin rake, motocin safa na birnin Sao Paulo suka yi ta yawo da man, kamfanin Total na Faransa ya shigo da kuɗinsa, a 2014 kuma aka amince a gauraya shi har kashi 10 cikin 100 a man jirgin sama.

To ina aka samu matsala? A wurin ciyarwa. Yis tamkar ragon turka yake: komai kyansa, in kuɗin dusar da ya ci ya zarce abin da za a saye shi ranar kasuwa, an faɗi. Kilo ɗaya na sukari, ko a lissafin takarda, abin da zai bayar na etanol bai wuce rabin kilo da ɗan ɗoriya ba. Na farnesin bai kai kashi 1 cikin 3 ba, a cikin tanki kuwa ƙasa da haka, saboda yis yana cin wani kaso don ya rayu ya hayayyafa. Wato kafin a biya ma'aikata da wuta da bashin ginin masana'anta, sukari ya riga ya cinye kuɗin litar.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa rainon ƙwayoyi a kwalba ya sani. Yis ɗin da aka tilasta wa yin mai yana wahala, ba ya girma da sauri. Idan ɗaya a cikin biliyoyin ya samu sauyi ya daina yin man, sai ya fi saura yaɗuwa, kafin ka ankara 'ya'yansa sun cika tankin suna shan sukari a banza. A kwalbar lita biyu ana iya zubarwa a sake. A tankin da ya kai tsayin bene, ga zafi, ga ƙarancin iska a ƙasa, ga baƙin ƙwayoyin da ke shigowa tare da ruwan rake, zubarwa asarar dukiya ce. A farkon 2012 kamfanin ya janye alƙawarin da ya yi na yawan man da zai fitar.

Sannan gangar ɗanyen mai, da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Daga nan Amyris ta juya ga kayan kwalliya. Farnesin ɗin nan dai ake mayarwa sinadarin sukwalen na man shafawa, wanda a da daga hantar kifin shak ake samunsa. 'Yar ƙaramar kwalba ta fi jarkar dizal kuɗi. Hakan ma bai cece su ba: a Agustan 2023 suka je kotu neman kariya daga masu binsu bashi.

Wasu sun ce a bar sukari, a ciyar da ƙwayoyin da karan masara. An sauya yis har ya iya cin nau'in sukarin da ke cikin kara, kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'anta a jihar Iowa a 2015, ya rufe ta a 2017. Tara karan da dakonsa da narkar da shi duk kuɗi ne. A nan ne nake dariya idan aka ce mana Arewa cike take da “sharar gona”. Wace shara? Karan dawa da na gero su ne danga, su ne makamashin girki, su ne abincin shanu da rani. Harawa kuwa sai ka sa kuɗi. Duk mai son gina masana'anta a kan kara, sai ya fara yin ciniki da makiyayi.

Wanda nake sa wa ido shi ne kamfanin LanzaTech, da aka kafa a New Zealand a 2005. Ƙwayarsu, wadda asalinta a kashin zomo aka gano ta, ba ta neman sukari. Hayaƙin masana'antar ƙarfe take ci ta fitar da etanol. Tun 2018 take aiki a masana'antar Shougang ta ƙasar Sin, a watan Oktoban shekarar kuma jirgin Virgin Atlantic ya taso daga Orlando zuwa Landan da gaurayen man da aka yi ta wannan hanya. Abincinta arha ne, ba ya kuma taɓa rumbun kowa. Sai dai tana bukatar masana'anta irin ta ƙarfe mai hayaƙi dare da rana, mu kuwa tamu ta Ajaokuta tun 1979 ake gininta.