Ziyara gidan Hoover a North Canton, garin injin zuƙe ƙura

Daga Cleveland na kama babbar hanya mai lamba 77 zuwa kudu, tafiyar kimanin awa guda a mota, na isa North Canton a jihar Ohio ta Amurka. Da can sunan garin New Berlin, sai a 1918 aka canza shi. Tun daga nesa ake hango doguwar bututun hayaƙi ta tsohuwar masana'antar Hoover mai ƙera injin zuƙe ƙura, wadda aka rufe a 2007. Ban tsaya nan ba, na wuce gidan da William Hoover, wanda ya kafa kamfanin, ya tashi a ciki, wanda aka mayar gidan tarihi.

Asalin injin ba na Hoover ba ne. Wani mai shara ne a wani kanti a Canton, James Spangler, da ciwon asma ya dame shi, ya harhaɗa akwatin sabulu da fanka da rigar matashin kai da sandar tsintsiya a 1907. Hoover, wanda sana'arsa dukanci ce, kayan doki yake yi, ya sayi haƙƙin ƙirar a 1908.

Tsoffin takardun talla ne suka fi tsayar da ni. Zamani ne da kamfanoni suke rububin mawaƙan opera. Kamfanin Victor ya sayar da garmaho da sunan Enrico Caruso, Lucky Strike kuma ya riƙa jera hotunan irin waɗannan mawaƙa a tallan sigari a ƙarshen shekarun 1920, wai taba ba ta taɓa maƙogwaro. Na Caruso yana da ma'ana, tun da muryarsa ce mai saye zai ji. Na sigari kuwa yaudara ce tsagwaronta. Abin da ya ɗaga Hoover daban ne: a 1908 ya buga talla a mujallar Saturday Evening Post cewa duk mai so ya karɓi injin ya gwada kwana 10 kyauta. Daga baya 'yan talla suka riƙa bin gida-gida, su share kafet ɗin da uwargida ta gama sharewa, su zazzage mata ƙurar a gabanta. Gani ya kori ji.

Kirarin da suka fito da shi a 1919 cewa yake injin yana bugu, yana shara, yana tsaftacewa. Sai da na durƙusa na leƙa ƙarƙashin ɗaya daga cikin tsoffin injinan na tabbatar kowace kalma tana da abin da take nufi. Akwai wani gungume mai juyawa a bakin injin, an dasa masa layin burushi, kuma daga 1926 aka ƙara masa sandunan ƙarfe masu santsi a murɗe. Iskar fanka tana ɗaga kafet sama kaɗan, ƙarfen ya bubbuge shi har yashin da ya nutse ya taso, burushi ya kwashe zare da gashi, iska ta tura komai cikin jakar yadi. Shi ya sa saitin tsayi yake da muhimmanci. In bakin ya danne kafet ƙasa, babu sararin da zai ɗagu, bugun ya tashi a banza.

Matsalolinsu ma sanannu ne. Dattin ta cikin fanka yake bi kafin ya kai jaka, don haka ƙusa ɗaya ko kwabo na iya karya fiffiken fankar. Bel ɗin roba yana saki in ya tsufa, gungumen ya daina juyawa alhali injin na ta ƙara. In aka murɗa shi ta baibai wajen ɗaurawa, yana tashi zai fice. Jakar yadi kuma in ƙura mai laushi ta toshe ƙofofinta, zuƙar takan mutu, sai an juye ta an kakkaɓe, ba a wanke ta. Tartsatsi da warin ƙuna daga cikin inji galibi alamar gawayin da ke goga kwal, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikin injin, ya cinye ne.

Da zan fita na tsaya na karanta ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikin wani inji, inda ake rubuta ƙarfin wuta. Na Amurka a kan volt 110 zuwa 120 aka ƙera su, tamu ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Duk wanda ya tsinci irinsa a kayan gwanjo ya jona kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, nan take kwal ɗin zai ƙone.