Aikin gidan waƙa a Tudun Wada

Jiya da yamma 'yar yayata ta zo min da aikin gida kan rubutacciyar waƙa, wai ta rasa ta ina za ta fara. Na ce zauna nan 'yata, layi ɗaya shi ne ɗango, ɗangwaye in sun haɗu sun zama baiti, mai biyu ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar. Sai amsa-amo, ƙarshen baitoci ya riƙa faɗuwa da sauti ɗaya, kamar ruwa, rawa, kowa. Kari kuwa, wato ma'aunin sautin waƙa, kunne ke kama shi, shi ya sa muka rera muna tafi. Da muka zo kamance ta ce kogin Kaduna da damina kamar shayi mai madara, wallahi na ji daɗi sosai!