Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Ƙona Fis ɗin Mita

A makon jiya na tsaya ne a inda muka shiga aji biyu, aka fara mana darasin da'irar lantarki. A kan takarda ba ni da matsala ko kaɗan. Dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta zauna mini daram: ka raba ƙarfin wuta (bol) da turjiya (om), wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, ka sami yawan wutar da ke gudana (amfiya). Na wani Bajamushen, Kirchhoff, ma haka, wanda ya fito da nasa dokokin a 1845 tun yana ɗalibi. Wannan labarin ya ɗan fasa mini kai, don ni ma ɗalibi ne ai.

Sai ga ranar shiga ɗakin gwaji. Aka raba mu biyu-biyu, kowane tebur da mita ta hannu mai auna bol da om da amfiya, da allon gwaji mai ramuka, da 'yan rizisto, wato masu rage gudun wuta, kamar ƙwayar magani. Mai kula da ɗakin dattijo ne, ba ya son yawan magana. Na ɗauki rizisto ɗaya na karanta zobban jikinsa: ruwan ƙasa, baƙi, ja, wato om 1,000. Na ɗora a mita, sai ta ce 987. Na sake, 987.

"Malam, wannan ya lalace."

Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Zoben zinariyar da ke ƙarshe fa, ado ne?"

Ashe shi ke nuna rangwamen kashi 5 cikin 100. Duk abin da ya faɗo tsakanin 950 da 1,050 lafiyarsa ƙalau. Na san wannan, na ma haddace, amma ban taɓa zaton zan gan shi da idona ba.

Daga nan sai awon wutar da ke gudana. Bol 5 a kan om 1,000, lissafi ya ce miliyamfiya 5. Na cire jar waya na mayar da ita ramin awon amfiya, sannan na dafa bakin wayoyin biyu a kan ƙafafun rizisto, kamar yadda na yi wajen awon bol. Ba hayaƙi, ba ƙara. Mita dai ta tsaya a sifili ta ƙi motsi. Abokin aikina ya murɗa nan, ya murɗa can, shiru.

Malam ya zo ya kwance bayan mitar, ya zaro ɗan fis ya ɗaga mini. Siririyar wayar ciki ta tsinke. A lokacin ne ya yi mana magana mafi tsawo a wannan zangon. Mai awon amfiya turjiyarsa kusan babu, don haka sai an yanke da'ira an sa shi a jere, wutar ta bi ta cikinsa. Ni kuwa na yi wa wutar gajeriyar hanya ce, ta kwararo gaba ɗaya. Ya sa ni na sa sabon fis da hannuna, yana tsaye a kaina.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Gwajin ƙarshe, rizisto biyu a jere, kowanne om miliyan 10, aka ba su bol 10. Ko yaro ya san kowanne zai ɗauki 5. Mita ta ce 3.33.

Abokina ya rage murya: "Kai, mu rubuta 4.9 mu wuce, wa zai sani?" Wallahi saura kaɗan in yarda, don kunyar fis ba ta sake ni ba.

Sai da na koma ɗaki na duba takardar bayanin mitar na ga ita kanta tana da turjiyar om miliyan 10. Da na dafa ta a kan rizisto, sun haɗu sun koma miliyan 5. Da miliyan 10 na ɗaya riziston, jimla 15 ke nan. Na raba 5 da 15, na ninka da bol 10, ga 3.33 cif. Wato mitar da nake ɗauka 'yar kallo ce, ashe da ita ake wasan. Ƙarfe ɗayan dare na je na ƙwanƙwasa wa abokina ƙofa da takarda a hannu, ya buɗe yana zagina.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin haɗuwata da osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a kan allo.