Wasiƙa daga Guangzhou: Bashin Malami a Fina-finan Chanis

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum. Ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kasuwa?

Yau ba zancen kaya ko canjin dala ne ya kawo ni ba. Hirar fina-finan Chanis zan yi muku, waɗanda muka taso muna kallo a Plaza da Orion a Kano, daga baya kuma a kaset. Kowa ya san tsarin: a kashe malamin akta, akta ya ɓuya ya yi ta horo, ya dawo ya yi wa bos lilis, silima ta kaure da ihu da fito. Shi ya sa ake musu kallon labarin ramuwar gayya. Ni dai a ganina abin da ke riƙe da su shi ne halacci, wato bashin da almajiri yake jin malaminsa na bin sa har kabari.

Akasarinsu a Hong Kong aka yi su, a kamfanin Shaw Brothers da ya buɗe katafaren sansaninsa a Clear Water Bay a 1961, sai kuma Golden Harvest da Raymond Chow ya kafa a 1970. Ku dubi One-Armed Swordsman na darakta Chang Cheh, wanda ya fito a 1967, fim na farko da ya tara dalar Hong Kong miliyan 1 a garin. Uban jarumin bara ne, ya mutu wajen kare maigidansa, maigidan ya ɗauki marayan ya koya masa takobi. 'Yar malamin ce da kanta ta sare masa hannun dama. To, in da ramuwa ce manufar, ai an san ƙofar gidan da zai nufa. Amma da ya ƙware da hannun hagu da guntun takobin da ubansa ya bari, sai ya ji maƙiya sun yi wa malamin ƙawanya, ya koma ya cece shi. Yarinyar ko yatsa bai ɗaga mata ba. Da ya gama ya juya ya koma gona wurin matar da ta yi jinyarsa. Ɗan halak ke nan.

Fist of Fury na Bruce Lee, 1972, shi kam ramuwa ce tsagwaronta. Malamin da ke cikin labarin, Huo Yuanjia, mutum ne da ya rayu da gaske, ya rasu a Shanghai a 1910, fim ɗin kuma ya ɗora alhakin kisan a kan Japanawa. Sai dai ku tuna ƙarshensa. Fansar da almajirin ya ɗauka ita ta ja aka zo aka karkashe 'yan makarantarsu, ala tilas ya miƙa kansa don a ƙyale sauran, ya tunkari bakin bindigogi. Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma a nan har mai ramawar zafin bai bari ba.

Daga nan Guangzhou jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum Foshan, ka sauka a tashar Zumiao. A can akwai zauren tunawa da Wong Fei-hung, mai magani kuma malamin kungfu, da na Ip Man, malamin Bruce Lee. Matasa na rawar zaki a farfajiyar wurin, biyu cikin riga ɗaya, suna tsalle a kan dogayen turakun ƙarfe, ganga na tashi kamar za ta fasa kunne. A al'adarsu, mai neman shiga hannun malami durƙusawa yake yi ya miƙa masa shayi da hannu biyu. In malam ya kurɓa, an ƙulla ke nan. Suna da karin magana cewa wanda ya koyar da kai na yini guda ubanka ne har abada. Duk wanda ya yi zaman makarantar allo ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan silsila ta shiga har cikin masana'antar. Darakta Lau Kar-leung ya koya wurin mahaifinsa, mahaifin ya koya wurin Lam Sai-wing, shi kuma almajirin Wong Fei-hung ne. Shi ya sa na fi son aikinsa a kan na Chang Cheh, wanda sai ya sa wa jarumi fararen kaya don jini ya fito sosai. A fim ɗin Lau mai suna The 36th Chamber of Shaolin na 1978, akta Gordon Liu ya shiga haikalin Shaolin, inda ake koyar da kungfu, da niyyar fansa, amma kaso mafi tsoka na fim ɗin horo ne: ɗaukar bokitan ruwa da wuƙaƙe ɗaure a damatsa, buga ƙararrawa da doguwar gora, dukan buhunan yashi da kai. Da ya gama, abin da ya roƙa shi ne a ba shi izini ya koyar da talakawan da ke wajen haikali.

Kamfanin Celestial Pictures ya sayi fina-finan Shaw guda 760 ya wanke su tas, ba irin kaset ɗinmu mai yayyafi ba. Wanda ya samu ya sake kallo, wannan karon ya bi fassarar da ke ƙasan allo.

A gaida mutan gida.

Naku, daga Guangzhou.