Talata: shuɗin allo da 0xc0000098

Hazo tun asuba. Ƙura ta shige kowane kibod da ke shagon gyaran kwamfutar nan, burushi bai huta ba.

Wajen goma da rabi 'yar Yaya ta iso daga Samaru rungume da laftop ɗinta. Shuɗin allo, lamba 0xc0000098, a ƙarƙashi an rubuta \EFI\Microsoft\Boot\BCD. Batirin ya daɗe da mutuwa, da caja kaɗai kwamfutar ke aiki, kuma Windows na tsakar sabunta kanta jiya da dare aka ɗauke wuta. Babi huɗu na kundin digirinta suna ciki. Kafin ta gama bayani yaron shago ya riga ya jawo filash.

"Oga, fomatin ne kawai, kafin azahar ta tashi."

"Ka karanta abin da ke allon?"

"Ai shuɗi ne, Oga."

Wannan amsa ce ta tsaya mini a wuya har yanzu. Allon ya faɗi sunan fayil ɗin da ya lalace, ya faɗi inda yake zaune, ba abin da ya ɓoye. BCD ɗan ƙaramin fayil ne, ko hoton waya ɗaya ya fi shi nauyi. Aikinsa ya gaya wa kwamfuta a wane faifai, a wane ɓangare Windows take, da fayil ɗin da za a fara kira. Tun daga Windows Vista ya gaji boot.ini na zamanin XP, wanda mutum kan buɗe da Notepad ya gyara layi ɗaya ya rufe. Shi wannan ba ya buɗuwa haka, sai da umarni. In ya lalace, Windows na nan lafiya lau, takardu na nan, hanyar gidan ce kawai ta ɓace wa kwamfutar. 0xc000000f, 0xc0000034 da 0xc000014c duk 'yan ɗaki ɗaya ne da lambar yau, muddin sunan BCD ya fito a allon.

Na zaunar da yaron, na ce hannunsa ne zai yi aikin. Filash mai gig 8 ko fiye, mai ɗauke da Windows. Aka kunna, aka kira jerin abin da za a tashi daga kansa: a HP Esc ne sannan F9, a Dell da galibin Lenovo F12. Sunan filash ɗin ya fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, ɗaya babu, shi ne tsohon tsarin da ake kira Legacy. Wajibi ne a zaɓi irin yanayin da aka ɗora Windows da shi tun farko. Tunda adireshin da ke allon ya fara da \EFI, mai UEFI za a ɗauka. Wanda ya ɗauki ɗayan zai yi ta buga umarni ana ce masa ba a ga na'urar ba, har ya fara zargin faifan.

Da allon zaɓen harshe ya fito, Shift da F10, baƙar tagar rubuta umarni ta buɗe. Kafin a taɓa komai aka rubuta notepad, aka shiga File, Open, aka sauya nau'in fayil zuwa All Files, ta nan aka lalubo jakar kundin aka kwafe ta zuwa wani filash ɗin daban. Minti biyu. Sai a lokacin ta nemi kujera ta zauna.

Daga nan diskpart, umarnin da ke nuna faifai da ɓangarorinsa, sai list disk. Tauraro a ƙarƙashin Gpt ya tabbatar da UEFI ne. select disk 0, list volume. Ana neman abu biyu: ɗan ɓangare mai FAT32, yawanci meg 100, wani lokaci 260, mara harafi, da babban ɓangaren da Windows ke ciki. Nan mutane suka fi faɗuwa. A cikin baƙar tagar nan haruffa kan sauya, abin da ka sani da C yana iya zama D ko E, shi kuwa X na tsarin gyaran ne da filash ɗin ya loda cikin RAM, ba ruwanka da shi. Yau D ne. dir D:\Windows ya nuna, ba a yi zato ba. Ƙaramin ɓangaren lamba 2 ne a jerin, don haka select volume 2, assign letter=S, exit.

Yaron ya so ya buga bootrec /fixboot, don shi ya haddace. Na bar shi. "Access is denied." Haka yake yi a sababbin Windows 10 da 11 masu UEFI, ba alamar wata sabuwar ɓarna ba ce. Su bootrec /fixmbr da /fixboot sun fi amfani a tsofaffin faifai masu MBR, tsarin raba faifai na kafin GPT, inda fayil ɗin ke zaune a \Boot\BCD. Ko /rebuildbcd ma yakan ce ya ga Windows sifili idan lalataccen fayil ɗin na nan a wurinsa, sai an kawar da shi tukuna.

Abin da ya yi aiki layi uku ne. cd /d S:\EFI\Microsoft\Boot, sai ren BCD BCD.old, don tsohon ya koma gefe ba tare da an share shi ba. In ya ƙi, a fara da attrib BCD -s -h -r. Na uku: bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Ma'anarsa a ɗebo fayilolin tashi daga Windows ɗin da ke D a rubuta sabon BCD a S. "Boot files successfully created." Aka zare filash, aka sake kunnawa. Ɗigo-ɗigon nan suka yi ta juyawa, ta ƙarasa sabuntawar da aka katse mata, ga hoton allonta ya dawo. Duka bai kai minti ashirin ba. Yaron ya yi ta dariya kamar shi ya ƙirƙiro umarnin. Ban hana shi ba.

Abu biyu na sa ya rubuta a littafinsa. In ɓangaren Windows ya ƙi buɗuwa saboda BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, a tsaya, a nemi mabuɗin nan mai lambobi 48 a asusun Microsoft na mai kwamfutar kafin komai. In kuma agogon BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, ya koma shekarun baya, a sauya batirin CMOS, ɗan batirin da ke riƙe agogo da saiti, CR2032 mai volt 3, don mutuwarsa na iya mayar da saiti daga UEFI zuwa Legacy, kwamfuta ta ƙi tashi alhali BCD bai yi laifin komai ba.

Azahar. Shinkafa da wake, manja ya yi yawa.

Da na dawo na ce a gudanar da chkdsk da /r, umarnin duba lafiyar faifai, kafin ta tafi, don ɗauke wuta ba shi kaɗai ke lalata BCD ba, faifan da ya fara gajiya ma yana yi. Gig 500, irin mai juyawa, ya ci kusan awa uku. A ƙarshe layin ɓatattun sassa bai nuna sifili ba. Kuma in ka kara kunne a jikin laftop ɗin akwai wani ɗan ƙas-ƙas da ke zuwa jefi-jefi. Ke nan gyaran safe na iya kai wata shida, yana iya kai Juma'a.

"Ki sayi SSD, faifan da ba ya juyawa, ko mai gig 256 ne. Ki sa batiri. Kundin nan kuma ki riƙa tura wa kanki ta imel duk dare."

"To Kawu, in sha Allah, in an gama difens."

"Kafin difens nake nufi."

"To Kawu."

Na san wannan "to" ɗin. Irin ta Yaya ce sak.

An yi la'asar ta hau keke napep ta koma. Sai da muka zo rufe shago na ga filash ɗin da aka kwafe mata babi huɗun a kan tebur, kusa da burushi. Na kira sau biyu, wayar a kashe.