Yadda ƙ ta ɓace mini a rajistar manoman riɗi

Bara da kaka aka damƙa mini rajistar manoman riɗi na ƙauyenmu, nan ƙasar Gumel, tare da wasiƙu da bayanan taro na shekaru, duk an buga su da Hausa. Na rubuta ɗan ƙaramin injin regeks, wato manhajar da ke bincike a rubutu bisa salon da aka ba ta, da harshen kwamfuta na C don lalubo sunaye. Yana aiki, sai dai nawa gare shi, ga tsohuwar kwamfuta, ga batirin sola da ba ya kai ni isha'i.

Da na auna, sai na tarar lokacin yana tafiya ne wajen tantance rukunin haruffa, wato duba ko harafi yana cikin jerin da ake nema. Rukunina zango 10 ne: a-z, A-Z, da haruffa masu ƙugiya 8, wato ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu. Duk harafin da ya zo, injin zai bi zangon ɗaya bayan ɗaya. Tazarar tsakanin kalmomi ma sai ta zaga duka goman kafin a ce ba ta ciki.

Kwamfuta da lamba take sanin kowane harafi. Na fara da ASCII, tsarin lambobin haruffan Turanci da alamomi, mai lambobi 128. Na ware bit ɗaya, wato gurbin e ko a'a, ga kowace lamba; bit 8 ne bait ɗaya, bait 16 ke nan. Harafin da lambarsa ke ƙasa da 128, dubi ɗaya ya wadatar, kuma galibin rubutun boko a nan yake. Ban yi wa Unicode, tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya, gaba ɗaya haka ba, don lambobinsa 1,114,112 ne, teburin kowane rukuni zai haura bait dubu 139. Sauran, wato masu ƙugiya, na jera lambobinsu daga ƙarama zuwa babba, na haɗe maƙwabta. Ƙ lamba 408 ce, ƙ 409, suka zama zango guda. Haka Ƴ da ƴ, 435 da 436. Zango 6 suka rage, ana raba jerin gida biyu a kowane mataki a bi rabin da ya dace, mataki 3 an gama.

Murna ta sa na yi gaggawa. Ina so injin ya daina bambanta babban harafi da ƙarami, sai na cire 32 daga lambar kowane ƙaramin harafi, tunda lambar ƙaramin a 97 ce, ta babban A kuma 65.

Washegari sakatarenmu ya ɗaga takardar, ya gyara tabarau.

"Ɗana, ina mutanen Ƙofar Arewa? Ko sun ƙaura ne?"

"Suna nan, Baba. Laifina ne, a ba ni zuwa la'asar."

Abin ya dame ni ƙwarai, don da wannan takarda ake rabon taki. Na zauna na lissafa: cire 32 daga 409 ya ba da 377, wato Ź, harafin mutanen Foland. Tsakanin ɓ da Ɓ ma tazarar 210 ce, 595 da 385. Sai na jefar da lissafin, na rubuta ɗan tebur na ƙarami da babba, injin yana zuba duka biyun cikin rukuni tun lokacin da yake harhaɗa salon bincike. Kafin la'asar na mayar wa Baba takardarsa, ya bi sunayen Ƙofar Arewa da yatsa har ƙasa.